Tsamiya Ɗari Biyu

Caka, caka, caka. Kafin ka ga Baba Modu sai ka ji shi. Gora biyu ne rataye a kafaɗunsa, ɗaya dama ɗaya hagu, cike da 'ya'yan tsamiya, duk taku ɗaya sai sun kaɗa kamar mai tafiya da caki gidan biki. Har yau in na ji mace tana rairayar wake a ƙwarya, sai hancina ya cika da warin laka da hayaƙin kifin banda, in gan ni a bakin fiton garinmu da hantsi, ina jiran kakana ya gama lalube ya tura jirgi.

Ku da kuka san shi na san kun fara murmushi. Wanda bai san shi ba kuwa, kakana ne na wajen uba, shi ne mai fiton Tudun Kunkuru tun kafin a haifi mahaifina. Tudun Kunkuru ɗan gari ne a cikin fadamar Haɗeja, can bayan Auyo. Kakanninmu daga wajen tafkin Cadi suka taso suna bin kifi, suka ga tudu ya ɗago daga ruwa kamar gadon bayan kunkuru, suka sauke kaya. In baƙo ya tambayi Baba iyakar garin, yakan ce gabas ruwa, yamma ruwa, kudu kacalla, arewa surukai. Kacalla ita ce doguwar ciyawar nan da ta shaƙe mana hanyoyin ruwa. Surukai kuwa mutanen Tsallake yake nufi, babban ƙauyen da ke fuskantarmu, inda rabin iyayenmu mata suka fito. In aka tambaye shi girman garin, sai ya ce ya danganta da wata: da rani, daga masallaci zuwa ƙarshen gari sai ka sauke Yasin, da damina Ƙulhuwallahu ta ishe ka, in ka ja ta da yawa ma sai ka jiƙe.

Gorunan nan su ne garin. Kowane mai rai a Tudun Kunkuru yana da ƙwayar tsamiyarsa. Na dama shi ne goran gida, na hagu goran waje. In za ka haye, sai Baba ya juye a faifai, yatsunsa su tsinto ka kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ya jefa ka a goran waje. In ka dawo ya mayar da kai gida. Ya ce kowace ƙwaya tana kama da mai ita. Ta Liman mai tumbi ce. Ta Bulama, mai garinmu, faffaɗa ce ba ta da nauyi. Tawa siririya ce mai ɗan lanƙwasa, wai don kullum kaina a sunkuye yake kan littafi. Kuma ba ya tura jirgi sai ya daidaita kawuna da ƙwayoyi, ba kuma mai sa ƙafa a gaɓa sai ya sake daidaitawa. Ko kifinka zai ruɓe, ko kasuwa za ta watse, sai ka jira. Da rani, lokacin da ruwa ya janye babura suka samu hanya, sai ya shimfiɗa buzu a bakin busasshen fiton. 'Yan acaɓa sukan ce da rani babu ruwa, amma akwai Baba.

Kun san mutanenmu ba sa son a ƙirga su, musamman yara; ana cewa abin da aka ƙirga raguwa yake yi. Mata sun sha kai ƙararsa wajen Liman. Amsarsa ɗaya ce ba ta canjawa: "Ni ban taɓa ƙirga ɗan kowa ba. Tsamiya nake ƙirgawa. Akwai wadda ta haifi tsamiya a cikinku?"

Abin da ya hana shi sakat shi ne ɗari biyu. Wai shekaru da yawa da suka wuce wani ma'aikaci ya faɗa a cikin jirginsa cewa wurin da bai kai mutum ɗari biyu ba, ba gari ba ne, zango ne, kuma ba a yi wa zango makaranta. Ba wanda ya san ko mutumin da gaske yake ko fira ce ta kan ruwa, amma Baba ya riƙe ta kamar aya. Mu kuwa kullum a bakin ɗari biyun muke rawa, yau mu haura da uku, gobe mu sauko da biyu. Saboda haka duk abin da zai ƙara tsamiya abokinsa ne, duk abin da zai rage ta abokin gaba.

Shi ya sa mata masu sabon ciki suke tsoron jirginsa. Hajara matar Sale mai gyaran injin ban-ruwa ce ta fara gamuwa da shi a gabana. Tana amarya, ta shiga jirgi ta zauna a inda ta saba zama. Baba ya dubi gefen jirgin inda ruwa ya tsaya, ya dube ta. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya raba wata sabuwar ƙwaya biyu, ya jefa ɓari ɗaya a gora. Jirgi ya yi tsit, sai kafaɗun mata da ke rawa a ƙarƙashin mayafi. Kafin azahar labari ya iske Sale a kasuwar Tsallake, har ana yi masa barka. Ya dawo a fusace ya ce shi mai gidan bai sani ba, ta yaya mai fito ya riga shi?

Baba ya ce, "Kai gida gare ka, ni jirgi. Gida yana ɓoye magana, jirgi ba ya ƙarya."

Wata bakwai bayan nan aka yi suna. Amma jirgin ya taɓa yin ƙarya sau ɗaya. Wata rana Goggo Asabe, wadda ta aurar da jikoki, ta shigo da ɗan dutsen niƙa a ƙarƙashin mayafinta. Baba ya dubi ruwa, ya dube ta, ya yi salati, ya zaro wuƙa. Da ta gane abin da yake shirin yi sai ta fito da dutsen ta rantse za ta niƙa shi da shi. Duk da haka bai fasa jefa ɓarin ba. Ya ce ai dutsen ma a garin zai zauna.

Ranar kai amarya Tsallake kuwa ranar makokinsa ce. Sai an kai tsakiyar ruwa, mata suna cikin waƙa, ya kafe sandar tuƙi a laka ya tsayar da jirgi, ya juyo wajen dangin ango ya ce sun ɗauki ɗaya, wa za su ba mu? Ba ya motsawa sai sun ambaci sunan wata 'yarsu da wani saurayinmu zai iya zuwa ya gaishe ta. Aure huɗu na sani da aka ƙulla a tsakiyar ruwan nan, kuma duk suna nan lafiya. Sau ɗaya aka kayar da shi. Wata gwaggon ango, doguwa mai bakin magana, ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Baba, ni bazawara ce. In da gaske kake, juya jirgi mu koma." Ban taɓa ganin ya yi tuƙi irin na ranar ba, kafin a gama dariya mun isa gaɓa. Da labari ya je wa kakata Iya Yagana, ta ce ashe ƙidayar tasa tana da iyaka, ga tsamiya har cikin jirgi ya ƙi ɗauka.

Baƙo ma bai tsira ba. Wani Bafulatani, Ja'e, ya sauka da shanunsa a gefen tudu da rani. Kwana na uku Baba ya je ya nuna masa ƙwayarsa. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Ja'e ya ce Allah ya kiyaye a lissafa shi cikin garin Barebari. Baba ya ce ai ya sha ruwanmu kwana uku, magana ta ƙare, shanun ma don ba shi da gora na uku ne.

Ni ba ya kirana Falmata. Mai-suna yake ce mini, na kuma ɗauka sunan mahaifiyarsa na ci. Ina aji biyu a sakandare a Haɗeja na zo hutu da taswirar jiharmu, wadda malamin labarin ƙasa ya ba ni aro, na shimfiɗa masa ita da alfahari. Na nuna masa Haɗeja, na nuna Auyo, ga Kaugama, ga Miga. Ya ce to ina mu? Na duba, na sake dubawa. Inda ya kamata mu kasance babu komai sai farar takarda. Ya sa yatsa a kan wani siririn shuɗin zare ya ce wannan fa? Na ce kogi ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa zuwa da damina ba. Sannan ya jiƙa ƙaro, ya ɗauki wata ƙwaya da ba ta da mai ita, ya manna ta a kan farin wurin, ya danne da babban yatsa. Na yi kuka, don takardar ba tawa ba ce. Da na mayar, malam ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce garinmu ne. Ya ce mutum nawa ne a ciki? Ban san lokacin da bakina ya ce ba a ƙirga mutane ba. Malam ya daɗe yana kallon ƙwayar, sannan ya rataye taswirar a bango yadda take. Har na bar makarantar Tudun Kunkuru ne kaɗai garin da ake iya shafawa da hannu.

In mutum ya rasu, Baba ba ya zubar da ƙwayarsa. Bayan an dawo daga maƙabarta sai ya je gefen tudu, inda ruwa ke cin ƙasa, ya shuka ta. Aka ce masa tsamiya gidan aljanu ce, yana tara mana maƙwabta. Ya ce in sun zauna lafiya su ma a ba su ƙwaya. Yawanci ba sa yin rai, amma waɗanda suka yi su ne layin itatuwan da ke gabas da masallaci, saiwoyinsu sun riƙe gaɓar kamar yatsu. Yakan ce matattunmu ne ke riƙe da garin. Babbar abokiyar gabarsa a nan ita ce akuyar Liman. Ya taɓa kai ta ƙara gaban Bulama, ya ce ta cinye Malam Isa tun yana ganye biyu.

Akwai ƙwaya ɗaya a goran waje da ba ta taɓa komawa gida ba. Ta yi baƙi ta yi sheƙi don shafa, an huda ta an zura jan zare. Ina ƙarama na tambaye shi ta wace ce. Ya ce ta je sayo gishiri. Na ce yaushe za ta dawo? Ya ce, "Kasuwa ba ta watse ba tukuna, Mai-suna." Mu yara muka mayar da ita karin magana: duk wanda aka aika ya daɗe, sai mu ce ya je sayo gishirin Baba. Ban lura a lokacin ba cewa manya ba sa taya mu wannan dariyar, kuma da an faɗa Iya Yagana takan tashi ta je hura wutar da ba ta mutu ba.

Sai shekarar babban ruwa, wadda ta kwantar da shinkafa ta shigo har ƙofar masallaci. Ajujuwa biyu ne makarantar garinmu, duka suka rushe. Labari ya bazu cewa ma'aikata za su zo su ga yawanmu: in mun isa a sake ginawa, in ba mu isa ba a haɗa yaranmu da makarantar Tsallake, su riƙa hayewa safe da rana. Samari suka fara tsokanar Baba cewa kakarsa ta yanke saƙa, ga fasinja kullum. Bai yi dariya ba. Ya ce yara ba kayan fito ba ne. Kwana biyu tuwonsa yana komawa yadda aka kawo shi.

Ma'aikata biyu suka zo ranar wata Laraba, babbansu saurayi ne mai fayil da farin takalmi. Lokacin ina kwaleji, na zo hutu. Suka fara bi gida-gida. Gidan farko suka tambayi matar 'ya'yanta nawa, ta ce na Allah ne. Gida na biyu aka ce musu alhamdu lillahi. Gida na uku tsohuwa ta kore su da tsintsiya. Kafin hantsi ya yi zafi sun dawo rumfar Bulama da takarda fara, Bulama kuwa ya aika a kira Baba.

Caka, caka, caka. Ya zo cikin babbar rigarsa ta Idi, ya juye gorunan a tabarma, kowane da tsibinsa. Ya ce in ɗauki biro. Yana ɗaga ƙwaya yana kiran suna, da sunan uba, da gida, ni ina rubutawa, mutane suna amsawa daga inda suke tsaye. Ban taɓa jin garinmu kamar ranar ba. Kamar ana karanta wata doguwar waƙa ce wadda kowane baiti yake da fuska. Mai fayil ya ce na goran waje ba sa ciki: waɗanda ke Kano, da masu dako a Legas, da 'yan matan da aka kai Tsallake, duk a ajiye su gefe, mazauna kawai ake so. Ɓarin dutsen Goggo Asabe ma aka ture shi gefe. Baba ya yi gardama har muryarsa ta dushe, bai ci ba. Aka ƙirga tsibin gida sau biyu. Ɗari da casa'in da tara, da ɓari ɗaya.

Ɓarin na Hajara ne, ciki na uku, tun asuba kuma tana kan gwiwa. Mai fayil ya ce takardarsa ba ta da gurbin rabin mutum. Baba ya kawo sunan Ja'e, aka ce ya yi arewa da shanunsa tun farkon damina. Ya dubi mai fayil ɗin da kansa daga sama har ƙasa, ya tambaye shi ko zai iya kwana uku. Sai wani saurayi daga baya ya ce a ɗauko mai gishiri mana a cika da ita, wa zai sani? Baba ya miƙa hannu ya rufe ƙwayar mai jan zare da tafinsa. A hankali ya ce, "Wannan ba ta dawo ba." Ya mayar da ita goran waje.

Bayan azahar ma'aikata suka ce za su koma. Muka raka su bakin fito, sai ga jirgin Baba a kife a kan gaɓa. Ya ce yoyo yake yi, ba zai ɗauki manyan baƙi a jirgi mai yoyo ba. Jirgin da ya kawo su da safe ƙafarsu ko damshi ba ta yi ba! Ya zauna da tsumma da guduma yana toshe wurin da babu rami. Sauran masu ƙananan jirage kuwa, abin mamaki, duk sun tafi duba komar kifinsu. Ba wanda ya shirya da wani, amma garin gaba ɗaya ya gane. Iya Yagana ta aiko da soyayyen karfasa. Aka dafa shayi, aka sake dafawa. Liman ya ɗauko tarihin garin tun daga tafkin Cadi, da ya ga ya kusa ƙarewa sai ya koma ya gyara wani wuri da ya ce ya yi kuskure. Bulama ya zagaya da su layin tsamiya yana gabatar da su ga kowace itaciya da sunanta. Mai fayil yana duban agogo, yana duban farin takalminsa da ya zama ja. Baba yana ƙwanƙwasa jirgi, kunnensa yana cikin gari.

Ana shirin kiran la'asar guɗa ta tashi daga gidan Sale.

Baba ya ajiye guduma. Ya zaro ɓarin nan ya cilla a ruwa, ya ɗauko cikakkiyar ƙwaya daga aljihu, ya jefa a goran gida, ya girgiza shi a kunnen mai fayil. Ya ce, "Rubuta, Mai-suna." Mai fayil ya tambayi sunan jaririn. Baba ya ce suna sai kwana bakwai, amma a rubuta Ciko. Jirgi kuma ya warke nan take, mutum biyu suka juya shi.

Na bi su don in riƙe takardun. Muna tsakiyar ruwa mai fayil ya tambaye ni me ya sa mutum ɗaya ya tsayar da gari haka. Na gaya masa zancen ɗari biyu. Ya yi dariya har jirgi ya karkata. Ya ce shi bai san wannan doka ba. Tun da safe, da ya ga faɗin ruwan nan, ya riga ya yanke abin da zai rubuta, ba mai hankalin da zai ce yara su riƙa haye shi kullum. Na ɗauka Baba zai ji kunya. Ko gezau. Ya ci gaba da tuƙi ya ce, "Ɗana, kai jiya aka ɗauke ka aiki. Ni shekara arba'in ina kan wannan doka."

Aka gina makarantar, a kan tudu, da bulo. An raɗa wa yaron Muhammadu, amma ko uwarsa Ciko take ce masa. Yanzu yana aji biyu, kuma in aka yi faɗa a filin wasa yakan tuna wa yara cewa ba don shi ba da babu makarantar.

Baba ya rasu da rani, da hantsi, a ɗakinsa, bayan jinyar kwana tara. Ranar ƙarshe ya sa aka kawo masa gorunan. Ya lalubo tasa ƙwayar, wadda ban taɓa lura da ita ba sai ranar: 'yar ƙarama ce, duk ta fi sauran muni. Ya tambayi mahaifina in an cire ta saura nawa. Mahaifina ya ce ɗari biyu da shida. Ya ce to, zai iya tafiya ke nan. Ya damƙa masa ita ya ce a kewaye ta da ƙaya, kada a bar shi da akuyar Liman. Liman yana zaune a bakin gado, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Daga nan Baba ya yi kalmar shahada, bai ƙara cewa komai ba.

Shekara huɗu gorunan suna rataye a ɗakin Iya Yagana, ba mai taɓa su. Sai da na gama karatu aka turo ni koyarwa a makarantar nan tamu, ta sauko da su ta ce in ɗauka, tunda ni ce mai rubutu. Na juye su a faifai ina gaisawa da tsofaffin fuskoki, har na zo kan mai jan zare. Na yi dariya na ce Iya, wai wace ce wannan da har yau ba ta dawo da gishirin ba?

Ta zauna kusa da faifan. Sannan ta ba ni labarin, muryarta a kwance kamar ruwan rani. 'Yarsu ce ta fari, shekararta biyar. Ranar kasuwar Tsallake ce, da damina, gishiri ya ƙare a gida, Iya ta ce ya sayo, yarinyar ta maƙale sai ta bi shi. Jirgi ya cika da mutane da buhuna. A tsakiya ruwa ya juya shi, ya karkata, mutum uku ko huɗu suka zube, aka jawo su ana dariya ana tsokanar juna. Sai da kowa ya sauka a gaɓa ya waiwaya ya neme ta. Bai ƙirga ba da suka shiga, bai ƙirga ba da suka fita. Kwana bakwai ana bin ruwa har cikin ciyayi, ba a samu ko ɗankwalinta ba. A makon nan ya tsinko tsamiya. Zancen ɗari biyu daga baya ya zo, ya samu abin fakewa. Bai shuka ƙwayarta ba don ba a binne ta ba, bai kuma mayar da ita gida ba don ba ya ƙarya da gora.

Na ce mene ne sunanta? Iya ta dube ni, irin kallon da Baba bai taɓa yarda ya yi mini kai tsaye ba. Ta ce, "Ke kuma wa kike tsammani kika ci sunanta?"

Da yamma muka je gefen tudu ni da ita. Tsamiyar Baba ta kai ƙuguna, ƙayar tana nan kewaye da ita. Iya ta kwance jan zaren da haƙorinta, na tona rami da yatsa a gindinta, muka sa ƙwayar, muka rufe. Tsohuwa ce ƙwarai, ban sani ba ko za ta fito. Nakan dai zuba mata ruwa in na taso daga makaranta, bayan na kira sunayen yarana ɗaya bayan ɗaya na tabbata kowa ya amsa.

Ya Allah, Kai da ba a ɓace maka a ƙidaya, ka gafarta wa bawanka Modu mai fito. Ka haye da shi lafiya, ka sa ya iske ta a gaɓa tana jiransa. Mu da muka rage a gora, ka mayar da mu gida da imani. Amin.